Nazarin Lamari: Amaryar Zariya da kaɗaici ya kwantar a Lugbe

Gidan da ta fito

Ba zan faɗi sunanta ba, ta yarda a rubuta labarin amma ta ce a sakaya. 'Yar cikin birnin Zariya ce, shekararta 24 lokacin da aka ɗaura mata aure, ta gama NCE har ta ɗan taɓa koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Gidansu irin gidan gadon nan ne, sai ka wuce zaure biyu kafin ka shiga, ga sasan babanta ga na ƙannensa biyu ga ɗakin kaka, in aka haɗa manya da yara mutum ya haura 30. A gidan ba wanda yake cin abinci shi kaɗai, ko wanke-wanke kike a tsakar gida akwai mai ɗauraye miki ana hira, in kika yi shiru na rabin yini sai wata ta leƙo ta ce ke lafiya kuwa. Abin dariya, ita a lokacin babban burinta ta samu inda za ta rufe ƙofa ta kwanta ba mai buga mata.

Mijin shi ma Bazazzagi ne, yana aiki a wani kamfani a cikin garin Abuja, ya kama gida mai ɗaki biyu da falo a ɗaya daga cikin rukunin gidajen nan na Lugbe masu get da maigadi. Mutum ne mai kirki, ba duka ba zagi, cefane bai taɓa yankewa ba. Na faɗi wannan tun yanzu ne saboda kar mai karatu ya fara neman laifin miji tun ba a je ko'ina ba.

Disamba 2021 zuwa Mayu 2022: an kai amarya, hanya ta rufe

An kai ta a ƙarshen Disambar 2021. 'Yan kai amarya suka kwana biyu suka juya, ƙanwarta ta ƙara sati biyu ita ma ta koma makaranta. Daga nan tsarin yini ya zama ɗaya: miji ya fita shida da rabi na safe don gudun gosulon titin filin jirgi, ya dawo bayan isha'i. Awa 13, wani lokacin 14, ita da bango.

Ta gwada gaisawa da maƙwabta kamar yadda aka koya mata a gida. Ta zuba cincin da dubulan na gara a kwano ta kai gidan da ke jikin nasu, mai aiki ce ta karɓa a bakin ƙofa ta ce madam ba ta nan, kwanon ma sai maigadi ne ya dawo da shi bayan kwana uku. Ba ta sake gwadawa ba. Abin da ya riƙe ta a watannin farko shi ne jirgin ƙasa, a Fabrairu ta hau daga Idu ta sauka Rigasa ta shiga mota zuwa Zariya ta yi sati ɗaya, suka yi shawara da mijin za ta riƙa zuwa duk bayan wata biyu.

Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane aka kwashe wasu daji, jirgin ya tsaya cak, bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Hanyar mota kuma kowa ya san halin da ake ciki a lokacin wajen Katari da Rijana, daga mijin har iyayenta suka ce ta yi zamanta. Azumi ya shigo a farkon Afrilu, yawancin ranaku ita kaɗai take shan ruwa don mijin a hanya magariba take riskarsa. Ranar Sallah, 2 ga Mayu, ta sa sabon ɗinki ta zauna a falo tana bin hotunan 'yan gidansu a WhatsApp.

Mayu zuwa Agusta 2022: jiki ya fara magana

Barci ne ya fara tafiya. Sai ƙarfe biyu ko uku na dare idonta biyu, ta yi asuba ta koma, ta tashi sha ɗaya jiki a mace. Ta daina girka wa kanta na rana, sai dai shayi ko ta jiƙa garin kwaki, na dare kawai take ɗorawa saboda maigida. Kayan lefe da aka ɗinka mata daidai jiki suka fara yi mata yawa. Ga ciwon kai, ga faɗuwar gaba, ga kuka wanda in ka tambaye ta dalili ba ta da shi. Wanka ma sai ta ga biyar ta wuce take daurewa ta shiga, ta shafa hoda, ta kunna turaren wuta, don haka mijin ya daɗe bai gane komai ba, shi dai yana dawowa ya tarar da gida fes. Ta ce akwai satin da ta zauna ta lissafa, in ka cire mijinta da maigadi da mai kawo ruwa, ba ɗan adam ɗin da ta yi magana da shi baki da baki.

Me ya hana ta faɗa? Ta faɗa sau ɗaya. Ta kira mahaifiyarta ta ce "Umma ni fa gidan nan ya ishe ni", Umman ta ce "Ke dai ki gode wa Allah, Abuja fa kike, ba kishiya ba dangin miji, ga wuta ga ruwa, zaman aure ai ɗan haƙuri ne." Ƙawayenta na Zariya kuma tsiya suke mata, matar manya an samu duniya an manta da mu. Toh da wane baki za ta ce tana cikin damuwa, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Abubuwan da aka gwada kafin a je asibiti

Na farko kemis. Ciwon kai da kasala, ai an san amsar, malariya da taifot. Ta sha magani ta gama, bayan sati uku aka sake ba ta wani, ba abin da ya canza.

Da mijin ya lura ta rame sai ya ɗauka zaman shiru ne kawai, ya sayo babbar talabijin, ya ƙara mata data. Wayarta ta riƙa nuna mata tana yin awa 8 zuwa 9 a kanta kullum, TikTok, Instagram, guruf ɗin dangi, guruf ɗin 'yan ajinsu, guruf ɗin girke-girke. Tana cikin guruf sun fi goma, ba ɗaya da in ta yi kwana biyar ba ta yi magana ba wani zai ce ina wance. Kiran bidiyo da gida ma da ake ganin zai taimaka, ta ce shi ya fi tayar mata da hankali, za ta ga tsakar gida cike ana ta shewa, wayar na yawo daga hannu zuwa hannu kowa ya ce amarya ya Abuja, minti goma a kashe, sai shirun falon ya ninka na da.

Umma da ta ga hotonta ta ga ramar sai hankalinta ya tafi wajen baki ko iska. Aka aiko da habbatussauda da zuma da ruwan addu'a, wani malami ya yi mata ruƙiyya ta waya. Ta ce karatun yana sanyaya mata zuciya, har yau ba ta bar azkar ɗin safe da yamma ba, amma in an gama ta shafa, yinin yana nan yadda yake, awa 13.

Sai mijin ya haɗa ta da matan abokansa. Aka sa ta a anko, ta je biki biyu a manyan ɗakunan taro na cikin gari. Ana rungumar juna, ana hoto, ana karɓar lamba, amma ba wacce ta kira daga baya, ita ma ba ta kira ba. Ta dawo tana jin kamar ta fi kowa ƙauyanci, ga kuɗin anko da ta san ya taɓa aljihun mijin.

A hutun Agusta aka kawo mata ƙanwarta 'yar shekara 12. Wannan kam ya yi aiki, ta dawo girkin rana, ta dawo dariya, barci ya ɗan daidaita. Hutu ya ƙare yarinya ta koma, cikin sati biyu komai ya dawo sabo. Ta kuma fara sayar da humra da turaren wuta ta intanet, kuɗi ya ɗan shigo, sai dai ciniki ne na a turo kuɗi ɗan saƙo ya zo ya ɗauka a get, ko fuskar mai saye ba ta gani.

Oktoba 2022: asibiti

Wani dare mijin ya dawo ya tarar da gidan duhu alhali akwai wuta, tana zaune a ƙasa a falo tun magariba ba ta ɗora komai ba. Ya ce lafiya, ta ce "Dan Allah ka mayar da ni gida, in ba za ka iya ba ka sawwaƙe min." Washegari bai je aiki ba, ya kai ta wani babban asibiti.

An yi gwajin jini ba a ga wani abu ba. Likitar ta fitar da mijin waje ta zauna da ita, ta yi mata tambayoyin nan guda 9 na auna damuwa da ake kira PHQ-9, wanda makinsa yake tashi daga 0 zuwa 27, ita ta samu 16, wato abin ya wuce matsakaici ya doshi mai tsanani. Ta tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, ta ce a'a, amma wani lokacin takan ji da ba ta farka ba da ta huta. Aka ce mata ciwon damuwa ne, aka rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum, aka gaya mata sai ta yi sati biyu zuwa huɗu kafin ta fara jin sauƙi kuma kar ta daina don ta ji dama. Sannan likitar ta kira mijin ta ce masa, a gaban matar, magani zai ɗaga ta amma in ta ci gaba da yini ita kaɗai haka za su sake dawowa, ta ce su je su nemo mutum ko ɗaya ne a unguwar wanda za ta riƙa gani ido da ido, ba a waya ba.

A Zariya labarin bai yi daɗi ba, wata gwaggonta har cewa ta yi yanzu yarinya lafiyarta lau za a ɗora ta a kan maganin mahaukata. Ba abin mamaki ba ne, a lokacin dokar da ƙasar take amfani da ita kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1958 ce tun ta zamanin Turawa, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa. Mijin dai ya toshe kunne, shi yake miƙa mata maganin da kansa kafin ya fita.

Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023: Hajiyar gida na huɗu da Islamiyya

Maigadi ne ya ba su labari, ya ce akwai wata tsohuwa a gida na huɗu daga nasu tana jin Hausa, kullum sai ta fito bakin get ta tsaya tana kallon hanya. Banufiya ce 'yar Bida, ta yi zaman aure a Kaduna shekara da shekaru, mijin ya rasu ɗanta ya ɗauko ta, shi da matarsa duk ma'aikata ne, jikoki suna makaranta har la'asar. Ashe ita ma yinin shiru take yi.

Amaryar ta yi kwana da kwanaki tana jan ƙafa saboda abin da ya faru da kwanon cincin. Ranar da ta daure ta yi tuwon shinkafa miyar kuka ta kai, tsohuwar ta buɗe ta dube ta sama da ƙasa ta ce "Ikon Allah, ashe akwai mutum a layin nan. Shigo 'yata." Zaman bai wuce minti ashirin ba, duk a takure, daga gaisuwa sai 'yar wane gida ce ke a Zariya. Washegari Hajiya da kanta ta dogaro sanda ta dawo da kwanon, da busasshen kifi a ciki.

Abin da ya ɗaure zumuncin ƙaramin abu ne. Hajiya tana da hawan jini, ɗan ya saya mata na'urar awo ta gida amma idonta ba ya ganin lambobin, ga shi likitanta ya ce a riƙa rubutawa. Ta ce "'Yata ko za ki riƙa leƙowa da hantsi ki duba min wannan abin?" Shikenan, kullum ƙarfe goma. Wanda ke nufin dole ta tashi, ta yi wanka, ta sa kaya, ta ɗauki biro da ɗan littafi. Awon minti biyar ne, amma sai a zarce da gyaran wake ko tsinkar zogale, Hajiya tana ba ta labarin Kaduna ta da, ita kuma tana ta zuba labarin kakarta. Ranar da jikin ya ƙi ta kasa fita, sha ɗaya na yi za ta ji ana ƙwanƙwasa get da sanda, "Amarya, yau an bar ni in mutu ne?" Hajiyar ce mutum ta farko a Abuja bayan miji da likita da ta gaya wa tana shan magani, tsohuwar ta ce to ni da nake shan guda uku fa, aka wuce wajen.

Ita ce kuma ta ja ta Islamiyyar matan aure da ake yi a masallacin bayan rukunin, Talata da Alhamis. Watan farko ba abin da ya haɗa ta da kowa sai sallama. Da malamar ta ji ta taɓa koyarwa sai ta ba ta mata huɗu manya da ba su iya haɗa baƙi ba ta riƙa yi musu bita kafin a fara darasi. A nan ta samu ƙawaye biyu, ɗaya 'yar Gombe mai ɗinki, ɗaya 'yar Funtuwa amarya irinta wadda ita ma da aka saba ta ce ta sha kuka a banɗaki.

Jirgi ya dawo a Disamba, ta je gida ta yi sati biyu, mijin yana ta fargabar ba za ta yarda ta dawo ba. Hajiya ta riƙa kira, littafin awo fa ya tsaya, yaushe za ki dawo. Ta dawo ranar da ta ce.

Wahalar takardun kuɗi ta Fabrairun 2023, lokacin canjin naira, ita ma ta yi nata amfanin ta inda ba a zata ba. Mijin 'yar Gombe yana da POS, sai matan suka riƙa tura mata kuɗi tana samo musu ɗan abin cefane, wannan ta ari tumatir, waccan ta ari gas ta ƙarasa girki. Mutanen da da ba sa buga wa juna ƙofa, dole ta sa suka fara. Daga nan suka kafa ɗan adashe su shida.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. A farkon Maris maganar maganinta ta fita a Islamiyya, ta bakin ɗaya daga cikin ƙawayen, har wata ta tambaye ta wai da gaske ne kin taɓa samun taɓin hankali. Ta daina zuwa kusan sati uku, barcin ya fara rikicewa. Gidan Hajiya ne kawai ba ta yanke ba, ita ce ta kira su biyun ta zaunar da su, wadda ta yi suɓutar bakin ta ba da haƙuri, Hajiya ta ce wa tata 'yar "In za ki zauna da mutane sai an taka ki, a gidanku ba a taka ki ne?" Ta koma ana gobe azumi. Azumin 2023, wanda aka fara 23 ga Maris, kwanuka suka riƙa yawo tsakanin gidaje huɗu kafin magariba, tarawihi kuma tare suke tafiya. Shi ma mijin ya canza wasu abubuwa, kira bayan azahar kullum, cin abincin dare ba waya a hannu, ranar Lahadi kuma su je gaida wani kawunsa a Kubwa.

Inda aka tsaya

Makinta a tambayoyin likita ya sauko daga 16 a Oktoba zuwa 11 a Janairu, zuwa 5 a Mayun 2023. Barci ya koma kusan awa 7, zaman waya ya sauko wajen awa 3, kayan lefe suka dawo daidai. Likita ta rage maganin a hankali har aka tsayar a Agusta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, zuwa Zariya ya koma sau biyu ko uku a shekara, amma ciwon bai dawo ba. Ta haihu a 2024, kafin gwaggonta ta iso daga gida Hajiya ce ta tsaya a kan ruwan wankan jego.

Yadda nake ganin lamarin

Ba zan iya raba wanne ne aikin ƙwaya wanne ne aikin mutane ba, tare suka zo. Abin da na yarda da shi, ba don maganin ya fara ɗaga ta ba da wuya ta iya ɗaukar kwanon tuwon nan ta fita, ba don mutanen ba kuma da ta koma inda likita ta ce za ta koma.

In ka jera abubuwan da suka ƙi, duk akwai mutane a cikinsu, guruf cike yake da mutane, ɗakin biki cike yake da mutane. Abin da babu shi ne wanda zai lura in ba ta zo ba. Talabijin da data da anko duk ba ta ake yi, ita karɓa kawai take. Wurin Hajiya da wurin matan nan huɗu kuwa ita ake jira, akwai lokaci tsayayye, fuskoki ɗaya ne ake maimaitawa har aka wuce gaisuwa aka kai ga faɗin abin da ke ciki, har aka kai ga saɓani da shiri. A gidan gado wannan kyauta ake samunsa shi ya sa ba ma ganin darajarsa, ba kuma ma saka shi a lissafi in za mu aurar da yarinya gari mai nisa, ana duba gado da kujeru da kayan kicin, ba mai tambayar wa za ta yini da shi. Zuwan ƙanwarta ya nuna inda ciwon yake tun a Agusta, sai dai aro ne, kuma yarinya 'yar 12 ba abokiyar sirri ba ce.

Maganar "ki gode wa Allah" ita ce ta fi ci min rai, duk da na san Umman ba da mugunta ta faɗa ba. Godiya ba ta hana a ce akwai ciwo, kuma jumlar nan ta ja wa yarinyar kusan wata biyar na shiru. Addinin da aka kafa mata hujja da shi ma shi ne ya ce in ka yi miya ka yawaita ruwanta ka tuna maƙwabta.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan wannan matsala a Nuwambar 2023, rahoton da ya fito a 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, tsofaffin mata ya horar suna zama a benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki. Hajiya ba wanda ya horar da ita, kuma sa'a ce ta sa take gida na huɗu, wata amaryar layinsu ba kowa, ko kuma mijin ba zai bar ta ta fita ba ko da akwai.

Har yanzu takan samu ranakun da gari yake waye mata da nauyi, ba ta ɓoye wannan ba. 'Yar Funtuwa sun tashi sun koma Mararaba tun bara, adashen ya ragu zuwa mutum biyar. Likita ta ce mata in alamomin suka dawo suka yi sati biyu a jere kar ta jira, ta zo, katin asibitin yana cikin littafin awon Hajiya.